Ɗakin Karatun Marigayi Daudu

Sama'ilu bai tashi da niyyar kashe Daudu ba. Shi dai littafi ya rubuta, kuma a rubutun farko babu wanda ya yi ko ciwon kai.

Masinja ne a ofishin ilmi na Kazaure. Sai da ya haura shekara talatin kafin ya san baƙi da wasalin boko, a ajin yaƙi da jahilci, don ya gaji da riƙe fayil yana tambayar akawu na wane tebur ne. Da karatun ya zauna masa sai ya zame masa jaraba. Ko takardar da aka ƙunsa masa ƙosai sai ya karanta ta kafin ya yar.

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, kuɗin mai na ta ɓulɓula, azuzuwa suka yi ta tsirowa a ƙauyuka kamar ciyawar farkon damina. Ga ɗakuna, ga benci, ga yara, amma babu abin da za a ba su su karanta. Sai aka sa gasa daga Kano: duk mai iyawa ya rubuto littafin yara da Hausa, wanda ya fi kyau a buga shi a raba wa makarantu.

Sama'ilu ya sayi littafin rubutu mai layi, ya zuba yarintarsa a ciki. Shi ɗan Roni ne, kuma abokinsa na ƙuruciya Daudu ne, ɗan Fulanin da suka daɗe da kafa gida a bayan gari. Su biyun suna da garken shanu na laka a wani kogo cikin duwatsu. Daudu ke ginawa, ya sa musu ƙaho da farar ƙaya, Sama'ilu kuwa ya raɗa musu suna, ya ƙago musu hali: wannan mai tunkuyi ce, waccan ba ta shan ruwan da jaki ya sha. Kullum da yamma sai su kora garken zuwa kiwo ba tare da sun ɗaga daga kan dutsen ba. Sun kai su Gwiwa, sun kai su Babura, sun tsallaka da su Nijar, ƙasar Faransi a lokacin, ba takarda, har wata rana suka kai su bakin teku, inda shanun suka ƙi shan ruwan don gishiri. A ƙarshen littafin yaran suka girma, kowa ya kama gabansa. Haka abin ya faru, haka ya rubuta.

Abin da bai rubuta ba shi ne ranar da Daudu ya zo Kazaure da ƙwaryar man shanu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana sanye da rigarsa ta kiwo. A lokacin Sama'ilu bai daɗe da samun kakin masinja ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Jira ni a gindin darbejiya, yanzu nake fitowa." Ya yi ta kai da kawo da fayil, har da waɗanda ba a aike shi da su ba. Da la'asar ya fito ya tarar da ƙwaryar a gindin bishiya, babu mai ita. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma sake haɗuwa ba.

Wanda ya buga masa littafin a tafireta shi ne shugabansa, Mista Bartholomew, mutumin kudu, mai kirki da saurin hawaye. Hausarsa ta aji ce da ta kasuwa, ba ta cikin gida ba. Da ya kai shafin ƙarshe sai ya cire tabarau.

"Malam Sama'ilu, littafin nan yana da daɗi, amma ba shi da ƙarshe."

"Yallaɓai, ai ga shi nan. Sun girma."

"Kowa ma yana girma. Alƙalan gasa ba za su ba da kyauta don yaro ya girma ba." Ya goge tabarau da gefen rigarsa. "Ƙanena ya rasu a yaƙi. 'Ya'yana sun tambaye ni ina ya tafi, ban sami littafi ko ɗaya da zai taimake ni ba. Yara sun san mutuwa, mu ne muke ɓoye musu. Dole ɗaya daga cikin yaran nan ya tafi."

Sama'ilu ya duba, ya ga ba zai yiwu ya kashe kansa ba tunda shi ke ba da labarin. Ya koma gida ya saukar wa Daudu sanƙarau. Ya rubuta yadda yake zuwa duba shi safe da yamma, yana kai masa shanun ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a bakin tabarma, da yadda bayan an kai shi makwanci ya mayar da garken kogo, ruwan farko ya zo ya narkar da su. Rubutun ya yi masa sauƙi har ya ba shi tsoro. Ya so ya canja sunan, ya gwada Abu, ya gwada Lauwali, duk suka ƙi zama a bakin alƙalami. Ya bar Daudu, yana cewa ai Daudu ba ɗaya ba ne a duniya, kuma nasa ba ya karatu.

Littafin ya zo na ɗaya. Aka kira shi Kano, aka ba shi kofin azurfa da rediyo mai kaset, aka ɗauke shi hoto yana riƙe da kofin kamar jaririn da ba nasa ba. Aka karanta labarin a rediyo mako huɗu a jere.

Ran Litinin da ta biyo bayan karatun ƙarshe, yana shiga ofis Muhammadu Lawal, babban akawu, wanda bai taɓa amsa masa gaisuwa da fiye da kai ba, ya taso daga kujerarsa ya kama masa hannu.

"Ashe haka aka yi, Malam Sama'ilu? Shekara da shekaru muna tare ba ka taɓa faɗa ba. Yaya haƙuri?"

Sama'ilu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga direba da mai gadi da akawuna biyu duk sun ɗaga hannu, Muhammadu Lawal ya riga ya ja fatiha. Ba a katse addu'a. Aka shafa, aka ce Allah ya jiƙan Daudu, ya sa ya huta. Idanun mutum biyar suna kansa.

Ya ce, "Amin."

Daga wannan amin ɗin sauran suka fito. Wanda ya karɓi gaisuwar mutuwa ran Litinin ba zai ce wa mai gaisuwar Talata wasa ne ba. Mahauci ya yi masa, mai gyaran keke ya yi masa, wata tsohuwa ta aiko masa da ƙosan sadaka. Yara suka riƙa rubuto wasiƙu daga makarantu suna tambayar sunan saniyar da ta fara narkewa. Aka daina aikensa sayen goro. Da tafiya ta yi tafiya har ya iya sunkuyar da kai daidai gwargwado, kuma wani lokacin, abin mamaki, ƙwalla takan zo masa da gaske.

Bayan wata biyar Mista Bartholomew ya kira shi ofis, fuskarsa cike da albishir.

"An ba mu ɗakin karatu ɗaya a wannan yanki. Na ce a gina shi a firamaren Roni, a sa masa sunan abokinka. Jiya na je da kaina."

Sama'ilu ya ce, "Roni, Yallaɓai?"

"Na fara ganin dagaci, Malam Haladu. Na gaya masa za a kawo siminti da kwano da littattafai, sannan na tambaye shi ko ya tuna marigayin. Ya daɗe bai yi magana ba, sai ya ce Allah ya jiƙan musulmi baki ɗaya. Mutum mai zurfin ciki."

"Ƙwarai, Yallaɓai."

"Sai na ce a kai ni wurin mahaifiyarsa. Inno, ko? Na same ta tana kaɗa nono. Na ce, 'Mama, ke ce uwar Daudu?' Ta juya mini baya. Na sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, 'Mama, ba ni labarinsa ko kaɗan.' Ta ce, 'Ban san shi ba, tambayi mutanen waje.'" Mista Bartholomew ya ciro hankici. "Fiye da shekara talatin, Malam Sama'ilu. Har yau ba ta iya kama sunansa."

Sama'ilu ya san dalili, kamar yadda kowane yaron Roni ya sani. Daudu ɗan fari ne. Inno ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi, ba ta taɓa amsa cewa nata ne a gaban baƙo ba, kuma ko da yana zaune kusa da ita yana shan fura a lokacin, amsar da za ta bayar ke nan. Kunya ce, ba makoki ba. Bayanin bai fi jimla biyu ba. Amma ga hankici a hannun mutumin, ga hoton ƙanensa a kan tebur.

Ya ce, "Haka take, Yallaɓai."

Aka sa ranar buɗewa ta dace da ranar kasuwa, don a sami jama'a. Sama'ilu ya yi ta fatan zazzaɓi, zazzaɓi ya ƙi zuwa. Aka sa shi a gaban Landirobar ofis, Muhammadu Lawal a baya. Duk hanya yana lissafin abu ɗaya: in Daudu ya zo, ko dai ya nuna shi a gaban manya ya ce ga mamacin nan, kofi da girma su bi ruwa, ko kuwa ya dube shi ido cikin ido ya bar shi a kabari. Ya roƙi Allah ya sa Daudu ya tafi kiwo kudu.

Ɗakin ya yi kyau, sabon kwano yana ɗaukar ido. A saman ƙofa an kafa allo, an rubuta da farin fenti: Ɗakin Karatun Marigayi Daudu. Mutanen Roni sun cika filin makarantar, kuma Sama'ilu bai taɓa ganin taron da ya kai wannan natsuwa ba. Dattawan da suka san shi tun yana yawo ba wando suna zaune a kan tabarmi, kowa ya kafa ido a ƙasa, wasu sun ja rawani sun rufe baki, kafaɗunsu na ɗan motsi. Mista Bartholomew ya raɗa masa cewa bai taɓa ganin garin da ya riƙe baƙin ciki haka ba.

Dagaci ya yi jawabi. Ya gode wa gwamnati, ya yaba simintin, ya ce garin da ya sami irin wannan ɗaki ba ya tambayar ta wace ƙofa alheri ya shigo. Sunan Daudu bai fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Sama'ilu ya karanta shafi biyu da murya mai rawa, aka yaba rawar muryar. Aka yanke ƙyalle. Sannan jama'a suka yi layi don su gaisa da marubuci.

A tsakiyar layin ya hango shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari-fari, a kafaɗarsa akwai damin igiyoyin kaba irin na sayarwa. Babu sanda. Layin na matsowa, Sama'ilu na miƙa hannu yana amsa gaisuwar da ba ya ji, har aka zo kansa.

Daudu ya sauke damin a hankali, ya kama hannunsa da hannu biyu, kamar yadda ake yi.

"Malam, ashe an yi rashi. Yaya haƙuri?"

Mista Bartholomew na tsaye a damansa, Muhammadu Lawal a hagu, mai hoto a gaba.

"Da godiya," in ji Sama'ilu.

"Allah ya jiƙansa. An ce yaron kirki ne."

"Amin."

"Allah ya ba ka ladan jinya. An ce safe da yamma kana wurinsa."

Wannan karon amin ɗin ta maƙale. Daudu bai jira ta ba, ya saɓa igiyoyinsa ya wuce, na bayansa ya matso.

Sama'ilu ya gaisa da mutum uku ko huɗu, sannan ya ga ba zai iya na biyar ba. Ya juya ya kama hannun rigar shugabansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Yallaɓai, zo ka ga wani abu."

Suka same shi a bakin kasuwa, ya baza igiyoyi a ƙarƙashin wata tsamiya. Sama'ilu ya tsaya a gabansa.

"Yallaɓai, wannan shi ne Daudu. Na cikin littafin. Bai mutu ba, ko sanƙarau bai taɓa yi ba. Ni na ƙaga. Inno kunyar ɗan fari take yi, shi ya sa ta ƙi kama sunansa. A karɓe kofin, a sauke allon, duk abin da za a yi mini a yi."

Mista Bartholomew ya dubi Sama'ilu, ya dubi mai igiya.

"Gaskiya ne, Malam? Kai ne Daudu?"

"Sunana ke nan, ranka ya daɗe. Amma a garin nan mu huɗu ne. Ni ne mai igiya."

"Kai ne abokinsa?"

Daudu ya ɗaga kai ya ƙare wa Sama'ilu kallo, daga hular har takalmin, irin kallon da dillali ke yi wa sa.

"Na san shi a ido. Ɗan garin nan ne, an ce yana aikin gwamnati. Wancan Daudun kuwa yana da aboki, kowa ya ji a rediyo. Ni da ina da irin wannan aboki ai da an sani."

"To me ya sa ya ce kai ne?"

"Haka baƙin ciki yake, ranka ya daɗe. Wata mata a nan da ɗanta ya rasu, shekara guda tana tare yaran mutane a hanya. A yi masa a hankali."

Mista Bartholomew ya gyaɗa kai a hankali, ya dafa kafaɗar Sama'ilu.

"Ni ma na yi ta ganin ƙanena a tashar mota. Laifina ne da na kawo ka. Huta a nan, in an gama cin abinci direba zai yi maka oda."

Ya tafi. Sama'ilu ya tsuguna a gefen igiyoyin.

"Me ya sa, Daudu?"

"Ka bar wa yara ɗakinsu. Fatu tawa tana aji uku. Ita ta karanta mini, sau biyu." Ya ɗauki wata igiya yana gyara mata baki. "Ka iya kisa, ba laifi. Har na yi kuka. Inno ma ta yi, daga bayan ɗaki, ta ce hayaƙi ne."

"Na so in canja sunan."

"Da ka canja da na ji haushi. Wa ya gina shanun? Sai dai ka yi ƙarya wuri ɗaya. Ba gishiri ya hana su shan ruwan teku ba, kai ne ka ce akwai kada."

"Babu kada a teku."

"Yanzu ka sani, da ka yi boko."

Wani mutum ya tsaya ya taya igiyar ɗaure akuya, suka yi ciniki, ya tafi. Sai a lokacin Sama'ilu ya yi tambayar da ta tsaya masa tun a layi.

"Ina sandarka? Ina shanun?"

"Shekarar fari. Shanu talatin da bakwai suka tafi, cikin wata uku. Ta ƙarshe a kan hanyar Gwiwa ta kwanta, na zauna da ita har ta gama." Bai ɗaga murya ba, bai kuma daina aikin hannunsa ba. "Mutane sun zo mini jaje har daga Yankwashi. Kwana bakwai ina shimfiɗa tabarma, ina cewa yau dai za a ga keken gwamnati. Na laka ka ba su shafi shida, Fatu ta ƙirga."

Sama'ilu ya nemi abin faɗa. Duk kalmomin da ya sani na irin wannan wuri an ƙarar da su a kansa cikin wata biyar, kuma ya san yadda suke a kunne. Duk da haka babu wasu.

"Yaya haƙuri, Daudu?"

"Ka makara da shekara huɗu."

"Na sani."

"To da godiya."

Daga filin makaranta aka danna odar mota, sau biyu, sannan sau uku. Daudu ya fara tattara igiyoyinsa ko da yake kasuwa ba ta tashi ba.

"Ana kiranka, Malam. Je ka, kada a ba wani kujerar gaba."

Sama'ilu bai tashi ba. Motar ta sake kira, ta gaji, daga baya suka ji tashinta. Daudu ya ɗaure damin ya saɓa, ya bi hanyar bayan gari, bai ce zo ba, bai ce sai wata rana ba. Sama'ilu ya karkaɗe rigarsa ta zuwa taro ya bi shi, taku goma a tsakaninsu. Masu shiga kasuwa suna ratsewa suna ba su hanya, ba wanda ya yi dariya sai da suka wuce.

Sun kusa fita gari Daudu ya yi magana, ba tare da ya waiwayo ba.

"In mun isa kai za ka yi sallama. Tun da aka kafa allon nan Inno ta ce ba ta amsa wa fatalwa."